Auna jini kaɗai bai isa ba: a fara gwajin ƙoda ga ma'aikata masu hawan jini

A asibitocin da ma'aikatan gwamnatin tarayya ke zuwa, kula da mai hawan jini kan tsaya ne a auna hannu, a rubuta magani, a ba shi ranar dawowa. Idan lambobi suka sauka, likita da mara lafiya duk hankalinsu ya kwanta. Sai dai binciken da aka tara cikin shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa ga mutanen Yammacin Afirka wannan natsuwa tana iya zama yaudara, domin akwai waɗanda ƙodarsu ke ci gaba da lalacewa ko da jininsu ya daidaita, saboda wani abu da suka gada.

A shekarar 2010 masana suka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna APOL1 tana da nau'o'i biyu, G1 da G2, waɗanda ake samu a jikin mutanen da asalinsu ya fito daga Afirka kudu da Sahara. Labarinsu ya yi kama da na sikila. Kamar yadda gadon sikila daga ɓangare ɗaya ke ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, haka waɗannan nau'o'i ke ba da kariya daga wani jinsin cutar barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, shi ya sa suka bazu. Amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, matatar ƙodarsa tana cikin haɗari.

Binciken AASK da aka yi a Amurka kan baƙar fata masu hawan jini da ciwon ƙoda ya fayyace lamarin. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa kimanin kashi 58 cikin ɗari na masu gadon biyu ciwonsu ya tsananta ƙwarai ko ƙodar ta daina aiki, alhali a cikin sauran kashi 37 ne kacal. Tsananta saukar da jini bai shafe wannan bambanci ba. Wannan ya sa likitoci da dama suka sake tunani: a wasu lokuta ƙodar ce ke fara lalacewa, hawan jinin ya biyo baya a matsayin alama.

Maganar ba ta tsaya a Amurka ba. A 2024 ƙungiyar masu binciken ƙoda ta shirin H3Africa ta wallafa sakamakon nazari kan mutane fiye da 8,000 a Najeriya da Gana, masu ciwon da marasa shi. Kusan kashi 30 cikin ɗari na mahalartan suna ɗauke da gadon biyu, kuma haɗarin ciwon ƙoda a gare su ya ƙaru da kimanin kashi 25. Har masu gadon guda ɗaya an ga ƙarin haɗari a tattare da su. An fi samun waɗannan nau'o'i a kudancin ƙasar, amma wani nazari a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya tabbatar da cewa arewa ma akwai su, ko da yake ba su kai yawan na kudu ba.

Za a iya cewa to a yi wa kowa gwajin gado. Wannan ba shi ne mafita ba a yanzu. Gwajin yana da tsada, kuma mafi yawan masu gadon biyu ba sa kamuwa da ciwon. Sau da yawa sai wani abu ya tunzura shi, kamar cutar HIV ko korona. Maganin inaxaplin da aka ƙera don daƙile illar wannan ƙwaya ya rage zubar furotin a fitsari a gwajin farko, amma ba a kammala tantance shi ba. Ga kuma haɗarin ƙyama wajen ɗaukar aiki ko neman aure, abin da ya sa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan gado cikin waɗanda ke buƙatar tsaro na musamman. Inda gwajin ya fi cancanta shi ne ga mai niyyar ba ɗan'uwansa ƙoda, tunda gida ɗaya suka fito, gado ɗaya suke iya ɗauka.

Abin da ke hannu ya fi haka sauƙi. Ƙoda tana fara zubar da furotin a fitsari tun kafin ƙafa ta kumbura ko jiki ya nuna wata alama. Gwajin fitsari da gwajin kiriyatinin a jini, sau ɗaya a shekara, sun isa su tona asirin ciwon da wuri. Idan an gano, akwai magunguna irin su lisinopril da losartan da ke sauke jini tare da rage wa ƙoda nauyi, sannan a gargaɗi mutum kan yawan shan diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da gishirin da ya wuce giram 5 a rana.

A nan ne alhakin hukuma ya shigo. Dokar 2022 da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta wajabta inshora ga kowa, kuma ma'aikatan tarayya sun daɗe cikin tsarin. Ya kamata hukumar ta sharɗanta wa duk asibitin da ke karɓar kuɗinta yin waɗannan gwaje-gwaje biyu ga kowane mai hawan jini, ta kuma riƙa bibiyar ko an yi. Tallafin da gwamnati ta sanar a 2025, wanda ya sauke kuɗin wankin ƙoda daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocin tarayya, abin yabo ne. Amma mai buƙatar wanki sau biyu ko uku a mako zai kashe fiye da mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 kafin wata ya ƙare. Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ya fi shi araha nesa ba kusa ba.

Masu rubuta wa ministoci da 'yan majalisa takardun shawara suna da damar shigar da wannan batu cikin kasafi da ƙa'idojin inshora. Kafin a kai ga haka, duk ma'aikacin da ke da hawan jini, musamman wanda wani nasa ya taɓa fama da ƙoda ko wanda jininsa ya hau tun yana matashi, ya nemi likitansa ya duba masa fitsari a zuwansa na gaba.