Bikin Mulkin Kai Na Wane Ne?

Ya ku 'yan'uwanmu talakawa, kowace shekara ran 1 ga Oktoba akan ce mu yi murna, wai ranar ke nan da Nijeriya ta karɓi mulkin kai daga Ingila a 1960. To, muna tambaya: ina rabon mutumin Tozai a wannan biki?

Mu duba Amurka. Su ma Ingila ce ta mulke su, suka yi shelar 'yancinsu ran 4 ga Yuli 1776. Ranar kuwa ta kowa ce. Ƙananan garuruwa su yi jerin gwano, a gasa nama a gidaje, a tafi kallon ƙwallo, da dare a yi wasan wuta. Amma da can ba haka take ba. A 1852 Frederick Douglass, wanda ya tsere daga bauta, ya tsaya gaban taro ya nuna musu bawa ba shi da abin murna a wannan rana. Tambayarsa ita ce tamu yau.

Namu bikin a Abuja da Sakkwato akan yi shi, manya a inuwa, masu fareti a rana. Alhali Oktoba kaka ce, lokacin da a ƙasar Gobir akan ɗaure gero, a kaɗa kalangu, samari su fito dambe da kokawa. Wannan shi ne bikin talaka, shi ne kuwa ɓarayin daji suka ƙwace. A Disamba 2021 an ƙone matafiya cikin mota a ƙasar Sabon Birni. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, Allah ya jiƙansa, ya rasu a hannunsu. Dubban mutanenmu sun yi hijira zuwa jihar Maraɗi. In sarki bai tsira ba, ina ga mai tallan goro?

Amurkawa suna da wata magana da suka aro daga dambensu. In mutum ya sallama sai su ce ya jefa tawul, domin ubangidan ɗan dambe yakan jefa tawul cikin fage in yaronsa ya jigata. Lalle masu mulki so suke mu jefa tawul, mu ce haka Allah ya ƙaddara. Ina! A dambenmu wanda aka kashe yau, gobe sai ya sake ɗaure hannu ya dawo.

Abin da muke nema ba shi da yawa. Kuɗin fareti da liyafa a zuba su wajen tsare hanyar Isa zuwa Sabon Birni. Kasuwanni su ci ba fargaba. Manomi ya girbe gonarsa ba tare da ya biya ɓarawo haraji ba. Ran da aka kwana kaɗa kalangu a dandalin Tozai, kowa ya koma gida lafiya, ran nan mu ma mun sami mulkin kai. Kafin nan, jama'a, kowa ya riƙe ƙuri'arsa da kyau, ita ce hannun da muka ɗaure. Allah ya ba mu sawaba, amin.