Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo

Aikin ƙera manhajar kwamfuta yakan lalace tun ba a fara shi ba, ran da maƙeran suka rubuta bukatun jama'a ba tare da sun zauna da su ba.

Hukumar FBI ta Amurka ta ga haka. A shekarar 2005 ta yi watsi da manhajar ajiye takardun bincike, bayan ta kashe wajen dalar Amurka miliyan 170. Cikin dalilan akwai rashin tsai da abin da ake bukata tun farko. Wadda ta gaje ta, Sentinel, sai da aka koma gina ta kashi-kashi a 2010, kana ta kammala a 2012.

A wannan tsari na kashi-kashi, kowace bukata ana rubuta ta a ɗan kati, da bakin wanda zai yi aiki da manhajar: wane ne shi, me yake so, don me. Shi ake kira labarin mai amfani. A 2001 Ron Jeffries ya nuna cewa abu 3 ke riƙe da shi: kati, zantawa, da tabbatarwa.

A ganinmu, ɓarnar tana wajen masu riƙe kati su yar da sauran biyun. A rubuta "ana son jerin magunguna" ba labari ba ne. Amma idan mai tsaron ɗakin magani ya ce yana so ya ga duk maganin da wa'adinsa zai cika cikin kwana 30, don ya fitar da shi kafin ya lalace, to maƙeri ya san abin da zai gina, kuma kowa ya san yadda za a gwada shi.

Wasu na cewa zantawa ɓata lokaci ce. Ina! Gyaran kati aikin minti biyar ne, gyaran manhajar da aka gama kuwa aikin watanni ne da kuɗi masu yawa.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ma'aikatu: kada su amsa da bakin ma'aikatansu. A kai maƙeran wurin magatakarda da mai karɓar kuɗi, su ga aikin da idonsu. Labarin da ya yi girma a raba shi, wanda ba shi da dalili a jingine shi, wanda ba a iya gwadawa a sake tambaya. Matambayi ba ya ɓata.