Digiri Kaɗai Ba Ya Kawar Da Hayaƙi

'Yan uwa ɗalibai da malamanmu, ana yawan cewa idan masu digiri suka yi yawa a ƙasa, muhalli zai gyaru. Mu dai muna ganin akwai gyara a maganar.

Ku duba abin da yakan faru. Mutum ya gama jami'a ya samu aiki, sai mota, sai janareta, sai na'urar sanyaya ɗaki. Wutar da suke ci da man da suke sha su ke ƙara iskar kabon mai ɗumama duniya. Ilimi ya kawo samu, samu ya kawo hayaƙi.

Mu 'yan Makera ba sai an ba mu labari ba. Tun daga 1957 da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri, masu ilimi ne suka tafiyar da masaƙun yankin nan. Iyaye da kakanni sun samu aiki, amma ruwan rini ya yi shekaru yana bin magudanai zuwa Kogin Kaduna. Yau yawancin masaƙun sun rufe, magudanan kuma leda ta cika su.

Ilimin da ke magani shi ne wanda ya waiwayi gida. A 2019 aka ƙaddamar da tashar lantarki mai amfani da hasken rana a Jami'ar Bayero ta Kano, don rage ƙona dizal. A 2021 kuma, a taron Glasgow, Nijeriya ta yi alƙawarin cewa nan da 2060 hayaƙin da take fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba. Lokacin muna da shekara kusan hamsin. To, wa zai cika alƙawarin in ba mu ba?

Saboda haka, 'yan aji shida masu cike fom ɗin JAMB, kada kowa ya ce sai likita ko lauya. Akwai fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando, akwai kwalejin gandun daji a Afaka. Malamanmu, don Allah ku riƙa faɗa mana waɗannan hanyoyin tun da wuri.

Yayyenmu da ke jami'a kuma, ku yi binciken kammala karatu a kan magudanar Makera, ko murhun da zai rage wa iyayenmu mata cin gawayi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.