Wasiƙa Zuwa ga Masu Kula da Injinan Linux a kan Saɓanin Init

Na ɗauki alƙalami ne a kan mas'alar da ta raba kawunanku fiye da shekara goma, wato wace manhaja ce ta cancanci riƙe lamba 1, ita ce wadda take fara farkawa idan an kunna na'ura, ta tayar da sauran ayyuka bisa tartibi, kuma ta riƙi marayun ayyuka idan iyayensu sun mutu.

Ku yi wa systemd adalci. Lokacin da Lennart Poettering da Kay Sievers suka fito da ita a 2010, tsohuwar hanyar SysV tana tayar da ayyuka ɗaya bayan ɗaya, da dogayen rubutattun umarni waɗanda kowane gida yake da irin nasa, kuma idan aiki ya faɗi cikin dare, sau da yawa ba mai tayar da shi sai mai gadin injin ya farka; duk wanda ya ɗanɗana wannan wahala ba zai raina abin da systemd ta sauƙaƙa ba. Amma masu inkarinta ma ba jahilai ba ne, domin tsoronsu shi ne manhajar da ta haɗiye rajistar abubuwan da suka faru, da shigar masu amfani, da kula da na'urori, wata rana za ta zama ba a iya rabuwa da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ya auku a Debian a 2014. Kwamitin fasaha ya rabu huɗu da huɗu tsakanin systemd da Upstart, sai shugabansa Bdale Garbee ya raba gardama, ya rinjayar da systemd. Kafin shekarar ta ƙare, mutane masu daraja irin su Joey Hess sun bar aikin, wasu kuma suka ɓalle suka kafa Devuan. Hukuncin bai ba ni takaici kamar zage-zagen da suka kewaye shi ba.

Nasihata ga wanda ya fi son OpenRC irin ta Gentoo da Alpine, ko runit irin ta Void, ita ce ya rubuta umarnin tayar da manhajarsa, ya jarraba shi, ya ci gaba da kula da shi shekara da shekaru. Ku kuma masu rinjaye, idan ya kawo muku, ku karɓa, kada ku ɗaure manhajarku ga systemd sai da lalura bayyananniya.

Wassalam.