Ruwan wanka a lokacin ɗari: me ya sa gyaran hita ke tsada a Gaya?

In kana zaune a Gaya ka san ɗarin garin ba mai tsawo ba ne. Daga watan Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu iskar hunturu ke busowa, da asuba ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, musamman a unguwannin da ke bakin kogi. Mutumin Agadas ko Bilma zai yi dariya in ya ji an kira wannan sanyi. Amma tsoho mai alwalar asuba, da yaro mai shirin makaranta, da mai jego, duk ruwan ɗumi suke nema, kuma wani ne ke biyan kuɗinsa.

A gidajen wasu ma'aikata da ƴan kasuwa, da masaukan baƙi, akan samu na'urar ɗumama ruwa ta lantarki, wadda aka fi sani da hita. Wata tara tana rataye a bango ba mai waiwayarta. Ranar da sanyi ya shigo aka kunna ta, sai a tarar ba ta aiki. A kira mai gyara, ya faɗi kuɗin da zai sa maigida ya ɗauka cutarsa ake so a yi. Sau da yawa ba haka ba ne. Mafi yawan kuɗin nan ba aljihun mai gyara yake shiga ba.

Abin da ke lalacewa

Hita tanki ce mai ɗaukar lita 30, ko 50, ko 80. A cikinta akwai ƙarfen da ke yin zafi, wanda masu gyara ke kira rezistans. Akwai tamostat mai yanke wuta in ruwa ya kai zafin da aka sa. Akwai wani sanda na maganeziyam da aka sa domin tsatsa ta ci shi a maimakon tankin. Akwai kuma bawul mai fitar da ruwa in matsi ya yi yawa. Rezistans ne ya fi mutuwa, ta hanya biyu. Ta farko, gishirin da ke cikin ruwa yana daskarewa a jikinsa ya zama farin ɓawo, irin wanda kake gani a gindin butar shayi. Ɓawon yana tare zafi, ƙarfen ya yi ta gasuwa har ya fashe. Ta biyu ta fi sauri: a kunna hita alhali famfo ya ɗauke kuma tanki ba ruwa. Cikin ɗan lokaci kaɗan ƙarfen ya ƙone.

A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Faransa, ladan ma'aikaci ne ke cin mafi yawan kuɗin gyara, kayan kuwa suna nan a kantin unguwa. A Gaya akasin haka ne. Hannu yana da araha, kaya ne ke zuwa daga nesa.

Iyaka biyu da waya ɗaya

Ba a ƙera rezistans ko tamostat a jihar Dosso. Hanya biyu suka saba biyowa: daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano, tafiyar fiye da kilomita 700, su tsallako gadar Malanbil, ko daga kasuwannin Najeriya ta Kamba a jihar Kebbi. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi, aka rufe hanyoyin biyu a lokaci guda. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris na shekarar. Amma da Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Manyan motoci suka koma bi ta Lome da Burkina Faso da rakiyar sojoji, ƙananan kaya kuma suka koma tsallakowa a kwalekwale. Kowane ɗauki da saukewa yana da kuɗinsa, kuma a kan ɗan ƙarfen nan na cikin hitarka ake tara su.

Wutar ma daga Kamba take shigowa. Kamfanin NIGELEC yana ba yankin Gaya wuta ta wayar da ta fito daga Najeriya, ƙasar da kafin 2023 take sayar wa Nijar kimanin kashi 70 cikin 100 na lantarkin da take sha. A farkon Agustan 2023 aka yanke ta, ba a maido ba sai a Maris na 2024, wato ɗarin shekarar gaba ɗaya ya wuce a haka. Ka lura da yadda abu ɗaya ke jawo wani. In wuta ta ɗauke, injin tura ruwa ya tsaya, famfo ya bushe, mutanen gida su zuƙe abin da ya rage a tanki. Tsakar dare wuta ta dawo, hita tana kunne ba wanda ya tuna. Da safe sai neman mai gyara.

Lissafin bokiti

Kafin ka biya, zauna ka yi lissafin da ko ɗan ajin yaƙi da jahilci zai iya yi a allo. Ɗumama bokiti mai lita 20 daga digiri 20 zuwa 40, wanda ya ishi babban mutum wanka, yana cin kusan rabin kilowat-awa. Tanki mai lita 50 kuwa, in za a kai shi digiri 60, yana cin kilowat-awa 2 da ɗan ɗori, a cikin awa ɗaya da rabi in rezistans mai wat 1,500 ne. Duba takardar kuɗin wutarka ka ga nawa ake sayar maka da kilowat-awa ɗaya, ka ninka da bokitan gidanka, ka ninka da kwanakin sanyi, misali 75. Sa'an nan ka ɗora kuɗin gyara a kai. Na'urar da wata uku kawai take aiki, gyaranta a kan wata ukun nan yake faɗawa, ba a kan shekara ba. Nan ne mutane da yawa ke kuskure.

Gwada wannan da sauran hanyoyi. Tukunyar gas mai kilo 6 za ta ɗumama kimanin bokiti 80 in an rufe tukunyar ruwan, kuma tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ɗin na gida ne, ba ya jiran gada. Murhu mai duwatsu uku yana cin kusan kilo guda na busasshen itace a kan kowane bokiti, domin mafi yawan zafin iska ke kwashewa. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi yana rage wannan ƙwarai. Itace yana kama da mai araha saboda kaɗan-kaɗan ake sayensa. Wanda ya san yadda dajin Goru Basunga da giginyun Dallol Mawri suke shan sara ya san ba kyauta ba ne. Gidan da ke da mai jego na kwana arba'in ya fi kowa sanin haka.

Rana kuwa ko a hunturu ba ta guje wa Gaya. Baƙar jarka da aka ajiye a fili tun hantsi tana ba da ruwan wankan la'asar ba ko dala. Matsalarta ɗaya: ba ta yi wa mai wankan asuba komai, sai in an naɗe ta da buhu da tsohon bargo, ko da hakan ma ɗumi-ɗumi za a samu.

In ka tsaya a kan gyara

A ganina, rezistans da tamostat da bawul sun cancanci gyara muddin tankin lafiya yake. In tankin kansa ke yoyo, kada ka yarda a yi masa walda. Tsatsa ta riga ta ci ciki, gobe wani wurin zai buɗe. Ka ce mai gyara ya nuna maka tsohon ƙarfen da ya cire, ya faɗi kuɗin kaya daban, ladansa daban. Tun da an buɗe tanki, a kwashe ɓawon, a duba sandan maganeziyam, domin sandan ya fi sabon tanki araha nesa ba kusa ba. A sa tamostat wajen digiri 60: ƙasa da haka sosai ƙwayoyin cuta na iya rayuwa a ruwan, sama da haka ɓawo na ƙaruwa, yara kuma su ƙone. A tabbata akwai wayar ƙasa, a sa wa hita makunni nata daban a wurin da ido ke gani, a kashe duk lokacin da famfo ya ɗauke.

Wanda kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa yakan koma ga ƙaramar hitar nan da ake tsomawa a bokiti. Tana aiki, mai wat 1,000 tana gama bokiti cikin kimanin rabin awa, amma ita ce ta fi kowace haɗari. Kada a tsoma ta a bokitin ƙarfe, kada a sa hannu a ruwa domin jin ɗumi sai an zare ta daga soket, kada a bar yaro shi kaɗai kusa da ita. Haka kuma kada a shigar da garwashi ɗakin wanka ko ɗakin kwana a rufe ƙofa, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa.

Lokacin duba hita shi ne watan Oktoba, bayan ɗaukewar damina, kafin kowa ya tashi neman rezistans a mako guda. Ka rubuta sunan na'urar, da litarta, da wat ɗin da ke jikinta a takarda ka ba mai zuwa Kamba ko Yamai, domin ƙarfen wani kamfani ba lallai ya shiga bakin tankin wani ba.