Waƙa Kyauta, Zambo Da Kuɗi: Ina Mawaƙanmu Suka Dosa?



Duk wanda ke bi ta bakin tasha ko kasuwa, a Gamawa ne ko Udubo ko Azare, ya san rumfar masu turi. Ka miƙa memori, a cika maka waƙoƙi da 'yan canji. Wanda bai je rumfa ba, aboki zai tura masa ta Xender ko WhatsApp. Mai turi ya samu na cefane, mai waya ya samu nishaɗi. Mutum ɗaya ne bai ga ko sisi ba, wato wanda ya kwana yana tsara baiti, ya biya kuɗin sutudiyo da na mai kiɗa.

Marigayi Mamman Shata da ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, a gaban jama'a suka ci abincinsu: biki, suna, wasan sallah. Da kaset da faifan CD suka yi tashe, 'yan kasuwar Kano kan sayi waƙa su buga su sayar, mawaƙi ya samu rabonsa ko yaya ne. Wayar hannu ta kashe wannan kasuwa.

Wani zai ce ai ga YouTube da Audiomack. Haka ne, kuma wasu sun dace. "Jaruma" ta Hamisu Breaker ta karaɗe Arewa a 2020 lokacin kullen korona, "Warr" ta Ado Gwanja ta cika TikTok a 2022. Amma YouTube ba ya fara raba kuɗin tallar dogon bidiyo sai tasha ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Yaron da ke Gololo, ga tsadar data, ga masoyansa sun riga sun samu waƙar kyauta, yaushe zai kai can?

To wa ya rage da ke biya nan take? Ɗan siyasa. Tun da Dauda Kahutu Rarara ya yi fice da "Masu Gudu Su Gudu" a zaɓen 2015, duk yaro mai murya ya gane inda kuɗi suke. Waƙar siyasa ba baƙuwa ba ce, tun zamanin NEPU da NPC ake yin ta. Sai dai garinmu ba Kano ba ne. A nan, wanda aka yi wa zambo kawun wani ne, surukin wani ne, sahu ɗaya kuke yi a masallaci. Da can habaici a filin taro yake ƙarewa, kowa ya watse. Yanzu yana kwance a memori. Zaɓe ya wuce, masu gidan sun sasanta ko sun sauya sheƙa, amma waƙar tana nan ana kunna ta a shagon caji, 'ya'yan wanda aka zaga suna ji. Shi kuwa mawaƙin an sallame shi sai bayan shekara huɗu, ya bar wa iyayensa ba da haƙuri.

Ga 2027 tana ƙaratowa. Ni ban ga amfanin farautar masu turi ba, su ma abinci suke nema. Gyaran yana aljihunmu. Mai biki ya gayyaci mawaƙin gida ya biya shi, maimakon DJ ya kunna muryarsa a banza. 'Yan kasuwa su ba su tallar kaya. Ƙungiyoyi su ɗauki nauyin waƙa kan sa yara makaranta ko gyaran magudanar ruwa kafin damina. 'Ya'yanmu da suka iya kwamfuta su zauna da su a buɗe musu tasha da sunansu, kada wani can ya ɗora waƙarsu ya kwashe kuɗin. Idan kuma waƙa ta burge ka kana son abokinka ya ji, tura masa adireshin tashar mawaƙin, ka bar tura masa waƙar kanta.