ZANCEN GIDA: Ruwa Mai Gudu Tsakanin Duwatsu

Mu mazauna Gwammaja, kusa da Dutsen Dala, ba mu da babban kogi, sai kududdufai. Amma 'ya'yanmu sukan je ƙauye hutu, su shiga kwalekwale. Saboda haka zancen yau ya shafe mu.

A ƙasashen Turai akwai wani wasa mai ban tsoro. Mutum yakan shiga ɗan kwalekwale da filafili a hannu, ya bi kogin da ke gangarowa daga kan tsauni, inda ruwa ke dukan duwatsu har ya yi fari fat da kumfa. An fara sa shi cikin wasannin Olamfik a shekarar 1972 a Jamus. Masu yinsa sun kasa ƙarfin ruwa mataki 6, na shidan kuwa ko gwani tsoronsa yake ji.

To, ga abin lura. Gwanayen nan ba sa shiga sai da rigar kariya da hular kwano. Ba sa tafiya su kaɗai. In sun zo mugun wuri sukan sauka su duba daga gaɓa, in bai yi musu ba su ɗauki jirgin a kafaɗa su kewaye.

Mu ma muna da labarin irin wannan ruwa. A duwatsun Busa, cikin kogin Kwara, Mungo Park ya halaka a 1806. Tafkin Kainji ya rufe wurin tun 1968. Amma ruwa mai kwanciya ma yana cin rai. Ran 30 ga Nuwamba 2021 wani jirgi da aka cika maƙil ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne.

Ya ku iyaye, in gwani yana ganin girman ruwa, ina dalilin da za mu raina shi? In jirgi ya cika, ku jira sahu na biyu. Kada ku haye da dare, ko hadari ya taso. Ku tambayi rigar kariya, ba abin kunya ba ne. Ku hana yara wanka a kududdufi ba babba a kusa. Rigakafi ya fi magani.

Sai wata mai zuwa.